Abin Da Muka Gano A Liyon, Birnin Masaƙa

Auduga ita ce ta raya ƙasarmu ta Malumfashi da Funtuwa. Da kuɗinta iyayenmu suka biya haraji, suka yi wa 'ya'ya aure, suka sa waɗansunmu a makaranta. Amma ko a zamanin da take da daraja, akwai tambaya guda wadda ba mu cika yi wa kanmu ba. In an auna audugarmu a sikeli, aka loda ta a mota, ina take zuwa, wane ne kuma yake shan romonta? Tafiyar da muka yi zuwa birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarshen watan Mayu ita ce ta tuna mana da wannan tambaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labari.

Wani tsohon ɗalibinmu ne wanda yake karatu a can ya gayyace mu, shi da waɗansu abokan arziki suka ɗauki nauyin tafiyar. Ba da sauƙin rai muka bar gida ba, gama kowa ya san ƙarshen Mayu a wurinmu. Hadari yana ta haɗuwa a gabas, manomi ido a sama, iri a hannu. Muka bar gona a hannun ƙanenmu da yara, muka nemi izinin kwana goma a makaranta, muka kama hanya. Daga Abuja zuwa Faris wajen awa shida ne a jirgin sama. Daga Faris zuwa Liyon kuwa ya fi kilomita 400, watau kamar daga Malumfashi zuwa Abuja, amma jirgin ƙasa mai gudu wanda aka buɗe hanyarsa a 1981 awa biyu kaɗai yakan yi.

Gari mai kogi biyu

Liyon tsohon gari ne ƙwarai. Romawa suka kafa shi shekara 43 kafin haihuwar Almasihu, a wurin da koguna biyu suka haɗu, kamar yadda Kwara da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Babban sunansa Ron. Daga duwatsun Suwizalan masu ƙanƙara yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita fiye da 800 kafin ya faɗa Bahar Rum. Ruwansa yana da sanyi da gudu. Ƙaramin sunansa Son, shi kuwa a hankali yake tafiya, har mutum ya rasa gane inda ya nufa. A kudancin gari muka tsaya daidai mahaɗarsu, muka ga ruwa launi biyu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin ya garwaya.

Mu da muka saba da rafin da yakan ƙafe tun kafin sanyi ya wuce, ganin ruwa haka cike da gaɓa a watan Mayu abin mamaki ne. Lokacin da muke kira bazara, muna fama da zafi da ƙura, su a wurinsu lokacin ɗanyen ganye ne da furanni. Sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba. Rana takan fito wajen ƙarfe shida, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Daren farko muka zauna muna jiran duhu domin mu ci abinci, sai ɗalibinmu ya yi dariya ya ce, "Malam, in duhu za ku jira, yunwa za ta kashe ku."

Da safe akwai kasuwa a bakin kogin Son. Manoma na ƙauyukan kewaye sukan kawo kayan lambu da cuku da 'ya'yan itatuwa na farkon shekara, kowa da farashinsa a rubuce a ɗan allo. Da yamma kuwa iyalai sukan fito bakin kogin Ron, wurin da dā ake ajiye motoci, aka gyara shi a 2007 ya zama wurin shan iska. Tsofaffi suna zaune, yara suna tuƙa keke. Amma kogin nan ba kullum yake aboki ba. A irin wannan lokaci, a ƙarshen Mayu na 1856, ya cika ya fasa madatsai, ya rushe gidaje masu yawa na talakawa a gabashin gari. Bayan wannan ne aka ƙarfafa gaɓarsa da bangon dutse. 

Tudun masaƙa

Tuddai biyu ne suke kallon garin. A kan na yamma, mai suna Furbiyar, akwai babban gidan sujada. Na arewa sunansa Kurwa Rus. Mutanen garin sukan ce na fari tudun addu'a ne, na biyu tudun aiki. A kan tudun aikin nan muka fi daɗewa, domin nan ce unguwar masaƙan siliki.

Siliki zare ne da wata tsutsa take yi, wadda ake kiwonta da ganyen wani itace da ake shukawa musamman dominta. 'Yar'uwa ce ga tsutsar tsamiya wadda ake samun zaren aikin babbar riga daga gare ta. Ga abin lura a nan. Ba a cikin Liyon ake kiwon tsutsar ba. Daga ƙauyukan kudancin Faransa da Italiya ake kawo zaren, daga baya har daga ƙasar Sin da Japan. Abin da Liyon take da shi hannu ne da ilimi. A 1536 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba waɗansu 'yan kasuwa biyu izinin kafa saƙar siliki a garin, tun daga nan sana'ar ta kafu. Masu kiwon tsutsa suka ci gaba da zama ƙauyawa, masu sarrafa zare suka gina birni.

Gidajen unguwar dogaye ne, tagoginsu manya, tsayin ɗaki wajen mita huɗu. Dalili kuwa shi ne wata masaƙa da wani ɗan garin mai suna Jakad ya gyara a farkon shekarun 1800. A samanta akwai jerin katuna masu huji, an ɗinke su kamar sarƙa. Kowane kati shi yake faɗa wa masaƙa zaren da zai ɗaga da wanda zai kwanta kafin ƙoshiya ta wuce. Ta haka mutum ɗaya yakan fid da zane mai wuya wanda dā sai da mataimaki mai jan igiya. Masana sun ce dabarar katunan nan tana cikin abubuwan da aka bi har aka kai ga kwamfuta. Muka shiga wani gidan tarihi inda ake nuna aikin. Mai saƙar ya taka, ƙoshiya ta wuce, ya buga. Ƙarar ta tuna mana da masaƙan da muka tarar muna yara, zaune a layi gindin itace suna saƙa fari da gwado.

Akwai kuma ƙananan hanyoyi da suka ratsa ta cikin gidaje daga wannan titi zuwa wancan. Ta cikinsu masaƙa suke gangarowa da ƙullin yadi zuwa wurin attajirai, don kada ruwan sama ya taɓa shi.

Rigimar farashi

Kada mai karatu ya ɗauka masaƙan nan sun yi zaman daɗi. Attajiri shi yake ba da zare, shi yake karɓar yadi, shi yake yanka ladan aiki. A 1831 akwai masu masaƙa wajen 8,000 da ma'aikatansu wajen 30,000. A watan Oktoba na shekarar aka zauna aka daidaita a kan mafi ƙarancin lada, amma attajirai fiye da 100 suka ƙi biya. Ran 21 ga Nuwamba masaƙa suka gangaro daga tudu, suka ƙwace gari. Gwamnati ta aiko da soja wajen 20,000, aka soke yarjejeniyar. A watan Afrilu na 1834 aka sāke gwabzawa, mutane ɗaruruwa suka mutu.

Zub da jini bai ƙara musu ko anini ba. Abubuwan da suka amfane su na zaman lafiya ne. Tun 1806 aka kafa a Liyon wata majalisar sasanta rigima tsakanin mai aiki da mai ba da aiki, irinta ta fari a Faransa, har yau kuwa ana aiki da irin wannan majalisa a ƙasar duka. Masaƙa suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu domin ranar ciwo. A 1835 aka buɗe a kan tudun nan kantin haɗin kai, inda ake raba riba da masu saye.

Sana'ar ta ga masifu iri iri. A shekarun 1850 cuta ta faɗa wa tsutsar siliki, sai da masani Luwi Fastur ya tafi kudu a 1865 ya yi shekaru yana bincike kafin a san yadda za a zaɓi ƙwai masu lafiya. Daga baya siliki na roba ya fito, injuna suka kori masaƙar hannu. Yau masu saƙar hannu a Liyon 'yan kaɗan ne. Amma ilimin bai mutu ba. Gwanintar rini ta haifi masana'antun sinadari da na magani, har wa yau kuma a kusa da garin ake buga gyalen siliki na kamfanin Hermès masu tsadar gaske. Yaran makaranta muka gani an kawo su layi layi su ga yadda kakanninsu suka yi aiki.

Mu fa?

Mu ma dā masu sarrafawa ne. Sa'ad da Bature matafiyi Bat, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar yadin da aka saƙa aka rina a ƙasar Hausa yana kaiwa har Tambutu. Alharini ma da ake kawowa ta Tarabulus, masaƙanmu da maɗinkanmu ne suke mai da shi riga ta sarauta. Mata suna gurza da kaɗi, maza suna saƙa, marina suna rini, masu bugu suna bugu. Auduga guda, gidaje biyar suna ci.

Sai kamfanin auduga na Ingila, wanda aka kafa a Mancasta a 1902, ya zo da sabon iri da injin gurza. Hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kuɗi ya shigo hannun manomi, ba mu musu. Amma audugar ta koma fita ɗanya, ta dawo mana yadi. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun mai do da aikin gida na ɗan zamani, dubban mutane suka ci abinci a cikinsu. A 1986 aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya zauna shi kaɗai gaban mai saye. Masaƙar Kaduna ta fari ta rufe a 2002, babbarsu ta bi baya a 2007. Yau yawancin atamfar da matanmu suke ɗaurawa daga ƙasashen waje take zuwa, manoma da yawa kuwa sun koma masara da waken soya. Mun zama kamar masu kiwon tsutsar nan, wahala tamu, romo na wani.

Ba mu da kogi kamar Ron, ba kuwa za mu gina masana'anta da albashin malami ba. Amma akwai abin da iyali da unguwa za su iya. Na fari, manoma goma ko ashirin su haɗa audugarsu su sayar tare, su sa mutum nasu mai karatu ya tsaya a kan sikeli. Tsintsiya ɗaure take shara. Na biyu, in akwai tsohuwa a gidanku wadda ta iya kaɗi, ko tsoho da ya iya saƙa, ku sa yara su zauna kusa da su tun suna da rai. Yaro ba zai rasa takardar shaida don ya iya riƙe mazari ba. Na uku, mu malamai mu daina nuna wa yara cewa aikin hannu na wanda ya faɗi jarrabawa ne. Jakad ɗan masaƙi ne, a gindin masaƙa ya yi tunaninsa. Na huɗu, sa'ad da makaranta za ta zaɓi yadin yara, ko ƙungiyar mata za ta fid da anko, a tambaya ko akwai wanda aka yi a ƙasarmu kafin a sayi na waje.

Ya ku iyaye, damina ta kama, nan gaba kaɗan za a shuka auduga. Kafin kaka, bari kowane maigida ya zauna da maƙwabtansa su yi shawara a kan yadda za su sayar da tasu bana. Allah ya ba mu damina mai albarka.