Rufe Baki Ba Ya Kashe Ji-ta-ji-ta

Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kun sami abin da ba a saye a kasuwa, watau kuna karanta takardarku da kanku, ba sai wani ya san asirinku ba. To, amma da sauran aiki, shi ne sanin abin da za a gaskata cikin abin da aka karanta. A zamanin nan duk mai waya marubuci ne. Mutum ya buɗe Facebook ko WhatsApp da safe ya tarar da labari goma, bai san wanda ya rubuta ko guda ba.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Cikin 1939, sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya gabato, ji-ta-ji-ta ta cika ƙasar Arewa, har ana cewa za a ba Jamus ƙasar nan. A shekarar nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Dabarar ita ce a tari ƙarya da labari ingantacce, cikin harshen da talaka ke ji.

Gwamnatocin da suka zo daga baya sau da yawa sun fi son rufe baki. Cikin 1984 gwamnatin soja ta yi Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Cikin watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, bayan kamfanin ya share wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai Janairu na 2022, wata bakwai ke nan, samari kuwa suka yi ta shiga ta ɓarauniyar hanya. Daga baya Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka.

Mu Sakkwatawa abin da ya fi taɓa mu ba Twitter ba ne. Cikin Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jiharmu, kamar yadda aka yi a Zamfara, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Niyyar ba ta da aibu, gama kowa ya san ta'asar da suke yi. Amma ni akawu ne, zaune a Gawon Nama, na ga abin da ya biyo baya. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo mazauna birni suka rasa hanyar jin lafiyar iyayensu. Da yamma sai ka ga an taru wurin mai shayi, ana jiran direba ko ɗan kasuwa da ya taho daga gabas. In ya ce ya ji an kori shanu a wani ƙauye, kafin isha'i an ce an ƙone garin. Ranar 17 ga Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Mai ɗan'uwa a can ba shi da lambar da zai buga, sai ya zauna yana sauraron kowane mai magana. Waya ta yi shiru, ji-ta-ji-ta kuwa ta sami fili.

Me ya sa mutane ba su dogara ga labarin hukuma ba? Dalili a fili yake. In mutum ya dawo daga jana'izar ƙanensa, ya kunna rediyo ya ji ana cewa ƙura ta lafa, gobe ba zai sake yarda da gidan rediyon nan ba, ko da gaskiya ya faɗa. Sai ya juya ga BBC, wadda ke magana da Hausa tun 1957, ko kuwa ya faɗa hannun mai aiko da murya a WhatsApp, wanda ba shi da suna balle a kama shi da laifi.

Ba na cewa a saki kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Magana zarar bunu ce, ƙarya guda tana iya tayar da gari. Tun 2015 akwai dokar laifuffukan intanet, an kuma yi mata gyara cikin 2024. Wanda ya ƙaga ƙarya don ya haɗa jama'a faɗa, a kai shi gaban alƙali, shi kaɗai, a fili, da shaidu. Amma ba a toshe rijiyar unguwa don yaro ɗaya ya jefa ƙasa a ciki. Abin da ya wajaba ga hukuma shi ne ta riga maƙaryaci faɗin abin da ya faru, ko da ba daɗi, ta faɗi sunan gari da yawan waɗanda aka rasa. In ta saba da haka, mutane za su komo gare ta da kansu.

Ku kuma masu karatu, naku aikin bai da wuya. Tun muna makarantar allo aka hore mu da bincika labari kafin mu ɗauka. In saƙo ya zo muku, ku tambayi kanku abu uku: wa ya faɗa, da idonsa ya gani, yaushe abin ya faru? In ba amsa, ku bar shi ya mutu a hannunku, kada ku tura wa kowa. Gani ya kori ji, rubutu kuma ba ya mai da ƙarya gaskiya. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba shugabanninmu ikon faɗa mana gaskiya, amin.