Batir Biyu a Mota Ɗaya: Wata A-kori-kura Tsakanin Ƙaraye da Rogo

A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyun da dokar 2024 ta bar wa Masarautar Ƙaraye, aikin a-kori-kura bai tsaya ga dakon kaya ba. Da rana takan kwashi rake da masara, ko tumatirin masu noman rani na bakin madatsar ruwan Challawa. Da dare kuma, inda wutar gwamnati ba ta isa ba, batirinta ne ke kunna lasifikar wa'azi da fitilun gidan biki, shi ke cajin wayoyin unguwa. Da yawa daga cikin motocin nan tsofaffin Fijo ne, 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975.

Wani direba da ke bin wannan hanya ya daɗe yana cin moriyar sana'o'in biyu, amma na dare yana cinye na rana. Duk daren da lasifika ta kwana tana aiki, da asuba mota ba ta tashi sai an tura, tumatir kuwa ba ya jiran a tara matura. Ya sayi batir na biyu, yaron motarsa ya haɗa shi kai tsaye da na farko, ja da ja, baƙi da baƙi. Abin bai yi magani ba, domin batura biyu da aka haɗa haka sun zama randa ɗaya: mai ƙarfi yana zuba wa mai rauni, lasifika kuma tana sha daga dukansu.

Mai gyaran wayar mota da ya kai wa kuka, dattijo ne da bai yi boko ba, ya duba ya ce: "Alhaji, ka yi wa uwargida kishiya ba ka raba musu ɗaki ba." Ɗakin da yake nufi wata 'yar na'ura ce mai ƙusoshi uku, shi yana ce mata shamaki. A kan ƙusar tsakiya ake ɗaura babbar wayar da ke fitowa daga altaneta, wato injin da ke cajin batir. Sauran biyun kowace da batirinta. A cikinta akwai dayod, ƙofar da wuta ke bi ta wuce amma ba ta komowa. Maigida yana ciyar da kowa, ba wadda ke ɗibar abincin 'yar'uwarta.

Sai dai ƙofar tana karɓar la'ada. Batir mai bolt 12 yana nuna 12.6 idan ya cika, amma kafin ya cika sai an tura masa tsakanin 13.8 da 14.4. Dayod kuwa yana cinye kusan 0.7. Idan na'urar da ke daidaita ƙarfin caji tana auna wutar a bakin altaneta, za ta ga komai lafiya, alhali abin da ke isa ga baturan bai kai ba. Su yi ta zama da rabin ciki har farantansu su daskare, su mutu kafin lokacinsu. Nan ne gwanintar dattijon take. Ya fara bin wayar awon, ya tabbatar daga ɓangaren batirin tayar da mota take jin wuta, ta yadda altaneta zai ƙara abin da ƙofa ta rage. Ya kuma lura cewa tsohon altaneta ba ya ba da wuta mai yawa, saboda haka ya tsaurara bel, ya sa waya mai kauri, ya ɗaura fis kusa da kowane batir. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a motar da ke ɗaukar kara da buhunan algarara.

Ya ja kunnen yaron motar a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji, ta cire kan batir inji na aiki don a gwada caji: "Ɗana, kada ka ƙara, da haka ake ƙona altaneta."

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne yadda aka yi wannan bayani duka ba tare da zane ko littafi ba. Sunayen kayan aro ne, batir da fis da bel, amma aikinsu da Hausar gida ake faɗarsa: batir yana sha, yana ƙoshi, yana kwanciya, wuta tana gudu, tana zurarewa, tana cin waya. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi sun fi ba suna muhimmanci, alhali a gareji aikatau ne ke ɗauke da ilimin, kuma ƙamusoshinmu ba su cika leƙa wurin ba.

Direban ya biya kuɗin aiki, ya mayar da wayar lasifika kan amarya. A makon da ya biyo baya an kwana ana walimar saukar karatu a wani ƙauyen Rogo har batirin biyu ya kwanta, da asuba kuma uwargida ta tayar da mota a murɗa ɗaya.