Abin Da Na Kwaso A Illo

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin tafiyata Illo, da kunyar da na kwaso a can, ko wani ya tsira daga irinta.

Na tashi daga Birnin Kebbi da rani, lokacin albasa, na kwana Bagudo. Da safe muka ƙetare Kwara ta gadar Tuga, muka miƙa har Illo. Tsohon gari ne na ƙasar Bargu, sarakunansa suna jawo asalinsu daga Kisira, kamar na Busa da na Nikki. Cikin 1898 Ingilishi da Faransai suka ƙulla yarjejeniya, suka ja iyaka mil 10 sama da Giris, watau mashigin jiragen Illo. Sai Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransai. Shi ya sa yau yaro yana koyon Turancin Ingilishi a Lolo, ɗan'uwansa kuwa yana koyon Faransanci a Madekali, cikin ƙasar Benin, ga su kusa da juna.

A kasuwa na ji Hausa, da Zabarmanci, da Dandanci, da Fillanci, da Busanci. Kuɗi ma iri biyu ne, naira da sefa. Sefa kuwa da dala ake ƙirga ta, biyar biyar, dala ashirin ita ce sefa 100. Duk da haka ban ga an yi rigimar lissafi ba, don kowa ya faɗi adadi sai abokin cinikinsa ya maimaita masa. Ashe ni da na yi boko ni ne zan kawo rigimar.

Mai masaukina dillalin albasa ne. Wani baƙon ɗan kasuwa ya bugo masa waya daga kudu, ba ya jin Hausa. Ya miƙo mini, ya ce, "Malam, yi mana tafinta, gaya masa buhu goma sha biyar gare ni." Na ce fifteen, amma na haɗiye wutsiyar kalmar, mutumin ya ji fifty. Bayan kwana biyu sai ga babbar mota ya aiko ɗaukar buhu 50. Aka yi ta cacar baki, har mai masaukina ya biya rabin kuɗin mota. Bai ce mini kome ba, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ya zage ni.

To, jama'a, shekarata goma sha ina koyar da Turanci, amma da ido na koye shi, da ido kuma na koyar. Malamin allo ba ya barin yaro ya wuce sai ya raba sin da sadi da bakinsa. Don me mu za mu yarda da rubutu kaɗai?

Ga abin da nake yi da yarana tun da na komo. Kowace safiya, kafin darasi, muna faɗin thirteen da thirty, har zuwa nineteen da ninety. Ta farko a ja wutsiyarta, a ji harafin n sarai. Ta biyu a danna kanta, a gajarta ƙarshenta. Sa'an nan p da f, da Bahaushe ke gauraya su: a riƙe 'yar takarda gaban baki, a ce pull, leɓɓa su haɗu, iska ta buge takardar, a ce full, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Haka v da b, kamar vote da boat. Three kuwa sai an sa bakin harshe tsakanin haƙora. Daga nan yaro ɗaya ya miƙe ya yi sanarwa da ƙarfi, irin ta tasha ko ta asibiti, da lokaci da kuɗi a ciki, saura su rubuta abin da suka ji. In alƙaluma suka saɓa, a sake.

Abu na ƙarshe, 'yan kasuwar Illo suka koya mini shi: in adadi na kuɗi ne, faɗe shi, ka bi shi da alƙalumansa ɗaya ɗaya, one five, ka sa a maimaita maka. Tambaya ba ta rage malami. Allah ya sa mu gyara, amin.

Naka,
Wani malamin makaranta, Birnin Kebbi.