Guzuri da Sikeli

A al'adar Hausawa ba a barin mutum ya fita gida hannu rabbana, ba a kuma so ya dawo haka. Abin da ya fita da shi sunansa guzuri, abin da ya komo da shi kuwa tsaraba. Tsaraba ta matafiyi ce, shi ke zaɓenta, shi ke biyan kuɗinta, shi ke rabawa. Guzuri kuwa, ko da yake cikinsa zai shiga, ba shi ke da iko da shi ba. Na mutanen gida ne: su ke dakawa, su soya, su shanya, su ƙulle, kuma da wuya a tambayi mai tafiya abin da yake so. Wannan ne ya sa muke ganin duk wanda ya ɗauki guzuri a matsayin abinci kawai bai gama fahimtarsa ba, kuma ba zai gane dalilin da ya sa ake ganin dattijo yana share hawaye a gaban sikelin filin jirgi saboda ƙullin daddawa ba.

Kakanninmu sun san hanya, kuma hanya ce ta koya musu girkin guzuri. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ayarinsu kan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, yamma da ƙasarmu ta Rijau, sukan yi watanni ba su ga gida ba. Alhazan ƙafa kuwa, masu ratsa Barno da Wadai da Darfur har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sukan yi shekaru, wasu ma a Sudan suka yada zango har abada. Irin waɗannan matafiya sun gano cewa babban abokin gabar guzuri shi ne ruwa. Duk abin da ke da danshi zai yi tsami, ko ya yi funfuna, ko ya yi wa jaki nauyi. Saboda haka aka yanyana nama aka shanya ya zama kilishi, aka matse man gyaɗa aka soya tunkuza ta zama ƙuliƙuli, aka busar da ganyen kuka da kuɓewa aka dake su, aka nuƙa kalwa ta zama daddawa. Ilimi ne sosai, ko da yake babu wanda ya rubuta shi a allo.

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a 1925. Tun daga lokacin tafiya ta yi ta gajercewa, har ta kai yau tafiyar da ta cinye wa mutanen da shekaru ba ta wuce awa 5 ko makamancin haka. Hasali ma, mutumin Rijau da zai bi ta Kwantagora da Tegina da Zungeru ya isa Minna, sau da yawa yakan fi jigata a mota bisa ga abin da zai gani a sama. A cikin jirgin kuma ana ba da abinci. Da hankali kaɗai ake bi, da guzuri ya mutu tun tuni. Amma bai mutu ba, sai ma ƙara ƙiba da ya yi. Abin da ya faru shi ne aikinsa ya sauya: a da ana ƙulla shi don hanya, yanzu kuwa don masauki. A da yunwa ake tsoro, yanzu baƙunta da kewar gida.

Mun sha ganin yadda ake wannan hidima, domin mu ma an sha yi mana ita, tun daga lokacin da neman ilimi ya fara fitar da mu ƙasashen waje har zuwa yau da tarurrukan jami'a ke fitar da mu jefi-jefi. Da zarar labari ya bazu cewa wane zai hau jirgi, sai gida ya koma kamar ana shirin biki. Turmi ba ya hutawa. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida a baza barkono da kuɓewa, a sa yaro gadin kaji. Gwaggo ta aiko da daddawar da ta yi da hannunta, wadda ba ta yarda a haɗa ta da ta kasuwa. Kawu ya sa a kawo bandar kifi daga Yawuri. Maƙwabcinmu Badukke ya zo da zuma a gora, Bakambariyar da ke kawo wa Inna man kaɗanya ta ƙaro curi biyu ta ce ba na sayarwa ba ne, Bafulatanar ruga kuma ta kawo man shanu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin cikin jirgi, kuma yawancinsu ba sa sa ran gani. Ta hanyar ƙullin nan ne kowannensu yake raka mu.

Daga nan ne rigima ke farawa, domin jirgi bai san zumunci ba, kilo ya sani. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke yarda wa jaka ɗaya, abin da ya ɗara kuwa sai a biya shi da tsada ko a sauke. Idan aka aro sikelin 'yan hatsi aka ɗora jaka, allura ta wuce inda ya kamata, sai a shiga shawara irin wadda ba a yi da babbar murya.

"Inna, sai fa an rage. Nauyin ya yi yawa."

"To, ɗan nan, a rage littattafan mana. Can ɗin da za ka ba garin littattafai ba ne? Ka taɓa jin an ce suna da kuka?"

A gaskiya hujjarta ta fi tamu ƙarfi, kuma sau da yawa littattafan ne ke komawa kan kanta. Abin da ke da wuya shi ne zaɓi tsakanin ƙullin Gwaggo da na Kawu, domin duk wanda aka bari, mai shi zai ji labari kafin mu kai Kwantagora. Dabarar da muka koya daga manyanmu ita ce a ɗebi kaɗan daga kowane, ko da cikin tafin hannu ne, don kada a ce an mayar wa wani da alherinsa.

Shi kansa ƙullin yana da nasa sani. Idan jirgi ya yi nisa a sama, matsin iskar da ke cikinsa yakan ragu, ya yi daidai da na kan dutse mai tsawon mita 2,000 ko fiye. Iskar da aka rufe a cikin gora ko leda sai ta kumbura ta nemi hanyar fita. Shi ya sa gorar manja ko zuma da aka bar wa sarari a wuya takan tsiyaye, mutum ya sauka ya tarar babbar rigarsa ta sha rini. Masu tafiya da yawa sun san a matse iska daga leda kafin a ƙulle, a rufe bakin gora da leda kafin a murɗa murfi, a naɗe da salatif, a sa abu mai maiƙo a tsakiyar jaka nesa da tufafi. Daddawa kuwa sai an busar da ita sarai, an daka, an sa leda uku, an kuma jefa cikin gwangwani mai murfi, domin ƙanshinta da ke tayar mana da yunwa yana iya tayar wa maƙwabci a jirgi da hankali. Akwai kuma wani abin mamaki. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2010 ya nuna cewa ƙarancin matsin iska da bushewarta a cikin jirgi suna dusashe ɗanɗanon gishiri da zaƙi a harshe. Wato tsohuwar da ta ce abincin jirgi lami ne ba ƙarya ta yi ba, kuma ɗan ƙullin yajin da ta ɓoye a gefen zane yana da hujjar kimiyya.

Bayan sikeli sai na'urar haska kaya. Tun daga 2006, bayan da aka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa-ruwa a Ingila, aka kafa dokar cewa abu mai ruwa da za a riƙe a hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Wasu filayen jirgi da suka sami sababbin na'urori sun sassauta, amma a yawancin wurare dokar na nan. Kunun zaƙi, damammiyar fura, zoɓo, zuma, man shanu, duk a bakin wannan ƙofa suke ƙarewa idan ba a sa su cikin babbar jaka ba. Mukan ce wa ɗalibanmu cikin raha, jarumin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda daga Kwantagora ya tashi neman ruwan magani, ya yi sa'a da aka buga labarinsa a 1934, don da a yau ne, da a filin jirgi aka karɓe ruwan bayan duk wahalar da ya sha.

Ƙofa ta ƙarshe, wadda ta fi kowace tsanani, ita ce ta ƙasar da aka sauka. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi daga ƙasashe irin namu ya shigo da nama ko madara da dangoginsu ba, ko ɗanye ko busasshe. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun faɗa cikin wannan hani, ko da yake suna yarda da busasshen kifi gwargwado, da zuma har kilo 2. Amurka ta wajabta wa kowa ya bayyana duk abincin da ya zo da shi, wanda ya ɓoye kuwa aka gano, tara ce. Saudiyya ba ta yarda da goro ba, kuma kusan kowace shekara sai hukumar alhazai ta ƙasa ta ja kunnen maniyyata a kan haka. Mutanenmu kan ɗauki irin waɗannan dokoki a matsayin wulaƙanci, amma ya kamata mu yi adalci. A 2001 cutar nan mai kama baki da kofaton dabbobi ta ɓarke a Ingila, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kanta, kuma ana kyautata zaton ta samo asali ne daga ragowar nama mai ɗauke da cutar da aka ba aladu. Mu da muka tashi muna ganin yadda makiyayi ke kaɗa garkensa cikin dare don guje wa rugar da annoba ta shiga, bai kamata wannan tsoro ya zama mana baƙo ba. Wanda ya bayyana abin da ke jakarsa, mafi munin abin da yakan same shi shi ne a karɓe. Ciki da gaskiya, in ji Hausawa, wuƙa ba ta huda shi.

Sai kuma maganar saƙo. Ba a rasa mai zuwa da dare, ana gobe tafiya, da ƙulli a ɗaure tam, ya ce a kai wa ɗansa da ke karatu a Madina ko Alƙahira. A da kunya kan hana a tambayi abin da ke ciki, domin tambaya kamar zargi ce. Zamani ya kashe wannan kunya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta tun daga gida, ba tare da ta san da ita ba, kuma sai da ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta fito. Idan wadda ba ta karɓi komai ba ta shiga wannan hali, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa bai duba ba? Ƙa'idarmu a yanzu ita ce a kwance kowane saƙo a gaban mai shi, a duba, a sake ƙullewa tare. Mai gaskiya ba ya fushi da haka, wanda ya yi fushi kuwa ya sauƙaƙa mana.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciya shi ne yadda za a gaya wa tsohuwar da ta kwana uku tana aikin dambun nama cewa ba zai shiga ba. Wasu kan karɓa su yi shiru, su je a zubar a kwandon shara a wata ƙasa, su dawo su ce ya yi daɗi. Wasu kan cusa shi a cikin takalma su ce da jami'i ba su zo da komai ba. Duka biyun ƙarya ce, ɗaya ga uwa, ɗaya ga hukuma. A ganinmu hanyar da ta fi ita ce a faɗi gaskiya tun kafin a yanka rago: a ce nama na hanya ne, a yi kaɗan, za a ci a mota da zauren jira da cikin jirgi, a raba wa na kusa, a ƙarar kafin a sauka. Na masauki kuwa a ƙarfafa garin kuka da kuɓewa, da daddawa, da yaji, da garin kunu, da ƙuliƙuli. Idan aka lura, jerin nan bai bambanta sosai da abin da fataken Gwanja suka ɗora wa jakunansu ba. Busasshen abu, mara nauyi, mai jure kwanaki, wanda ya tsallake rana da ɓarayin hanya, shi ne galibi ke tsallake sikeli da na'ura.

Ladan wannan wahala ba ya bayyana sai an yi mako biyu ko uku a baƙon wuri. A lokacin ne tsohon alhaji, wanda cikinsa ya ƙi karɓar shinkafar Larabawa, zai dama kunun tsamiya a kofi ya sami ƙarfin zuwa Harami. A lokacin ne ɗalibi a wani ɗaki mai sanyi zai kaɗa miyar kuka a ƙaramar tukunya, kafin ta nuna sai ga ƙwanƙwasa ƙofa, ɗan Katsina da ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi sun biyo ƙanshi. Gaskiya ne ana samun tuwo a unguwar Misfala a Makka, ana kuma sayar da kayan miyar Afirka a shagunan Landan. Amma na shago ba shi da suna. Na jaka kuwa kowane cokali an san hannun da ya daka shi, kuma mutum yakan riƙa tsimi da shi, yana auna kwanakin da suka rage masa da abin da ya rage a gindin gwangwani.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwanmu malamai da ɗalibai, waɗanda su ne suka iya karanta dokokin nan, da su ɗauki nauyin fassara su ga mutanen gida cikin ladabi, tun kafin a ɗora tukunya. Kada ilimi ya sa mu raina ƙullin tsohuwa, kada kuma kunya ta sa mu jefa kanmu ko wani maniyyaci cikin halaka. Kilo 23 ba zai ɗauke Rijau ba, amma idan aka iya zaɓe da ƙulli, zai ɗauki abin da zai ishi mutum ya tuna daga inda ya fito har ranar da zai fara tunanin tsaraba.