Ɗigon Tawada a Messa

Yayana mai suya ne a Briqueterie, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde. Ciwon kai ya kama shi a 2009, irin wanda ke sa ƙato ya riƙe kansa da hannu biyu yana salati. Hasken fitila ma ba ya so. Inna ta yi rubutu, ta yi hayaƙi, a banza.

A lokacin ina koyon aikin awo a wani ɗakin gwaji a Messa, kusa da Centre Pasteur. Ranar da aka kawo ruwan da aka zuƙo daga ƙashin bayansa, hannuna rawa yake. Maigidana ya ɗiga baƙar tawada a kai, ya ce, "Zo ka duba, yaro." Na leƙa madubin awo. Fili baƙi ƙirin, ga wasu ƙwayoyi zagaye da haske, kamar farin wata a tsakar dare. Wallahi kyau suka yi mini, har na ji kunyar kaina. Cryptococcus ke nan, wani nau'in yis da ake shaƙa daga ƙasa da kashin tattabaru, ya haura ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau idan ƙanjamau ya karya garkuwar jiki. Kalmar ƙanjamau kuwa ban iya furta ta a gida ba.

Aka ɗora shi a kan fluconazole. Ya farfaɗo, har ya koma bakin tukuba, muna ta hamdala. Sai ciwon ya dawo. Ban gane ba: magani ɗaya, mutum ɗaya, me ya canza?

Bayan rasuwarsa na ga amsar a hotunan madubin lantarki, mai ƙara girman abu sau dubbai. Maganin yana hana yis haɗa ergosterol, kitsen da ke riƙe fatarsa, sai ka ga fatar ta yamutse, ƙwayar ta kasa rabuwa da 'yarta. Wadda ta sauya halitta kuwa tana nan sumul, maganin bai sami wurin kamawa ba. Na daɗe ina kallon hoton nan, na yi kuka.

A 2018 aka fitar da sakamakon wani gwajin magungunan wannan ciwo mai suna ACTA, mutum 721, har da majinyata na Yawunde da Duwala: haɗa wani magani, flucytosine, a jinyar ya fi ceton rai. Yaya bai riski wannan ba.

'Yan'uwa, ciwon kan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai mai shi asibiti, a yi awo, a daina ɓoyewa.