Murhun Yaya A Landan

Da aka kai Yayata Landan, sanyi ya sa ta nace sai maigidanta ya sayo murhun ɗumama ɗaki, mai cin itace da gawayi mara hayaƙi. Ashe unguwarsu an hana hayaƙi, dokar da ta faro a 1956, bayan hazon 1952 ya hallaka dubban mutane. Itace ba ya ƙonuwa can sai a murhun da hukuma ta amince da shi, kuma busasshe, danshinsa ƙasa da kashi 20. Gidan da ya turnuƙe, tara har fam 300. Na ce, "Haba Yaya, bar na arha, ki tuna 'yarki mai asma." Wallahi ta ji.