Imuraren: kaburbura bisa uraniyom

Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, fili ne na duwatsu da iska. A 1966 aka gano uraniyom ƙarƙashinsa. Kamfanin Areva ya sami izinin haƙa a 2009, aiki ya tsaya a 2014, gwamnatin Nijar ta janye izinin a 2024.

Makiyaya Abzinawa kuwa lissafinsu daban ne. Masallacinsu duwatsu ne jere bisa rairayi. Kaburburan kakanninsu ma tarin duwatsu ne, ba suna. Bayan kowace salla dattijo kan zauna da tasbaha, yana roƙa wa waɗanda suka gina rijiyar da raƙumansa ke sha gafara.

Duk mai niyyar sake buɗe mahaƙar nan, ya fara tambayar inda mamata suke kwance.